Kasuwar Cork da Gaisuwar da Ba a Yi Ba

Pantai Dalam, Kuala Lumpur
2 ga Mayu, 2020

Zuwa ga jikata kuma amaryata, Fatiha,

Gaisuwa mai yawa, tare da fatan kina shan ruwa lafiya. Mu nan ƙalau muke. Kawunki Dakta yana koyar da ɗalibansa ta kwamfuta daga ɗakin kwana. Matarsa Bintu tana fama da mu. Yara kuwa ka yi musu Hausa su amsa maka da Turanci, in sun ga dama su liƙa "lah" a ƙarshe.

Jikina da sauƙi. Inda aka tsaga ƙirjin ya kame, sai dai muryar ba ta dawo ba tun da suka zura mini roba a maƙogwaro, kunnen kuma kin san halinsa. Shi ya sa na koma ga alƙalami. Bintu ta koya mini ɗaukar hoton takarda da waya in tura. Na zo aikin zuciya in koma, sai aka rufe sama da ƙasa saboda annobar nan. Likita ya hana ni azumi. Ina zaune can sama bakin taga, ina kallon jirgin ƙasa yana wucewa ba kowa a ciki.

Bayan haka, uwarki ta ce tun da kika je Cork karatu ba ki san ko'ina ba sai aji da ɗaki. Abin kunya ne ga jikar mutumin da ya yi shekara uku a garin yana koyon sarrafa madara, tun ana kiran uwarki babu. Ga abin da za ki yi in an sake ku.

Ki fara da babbar kasuwa mai rufi da ke tsakiyar gari, wadda suke kira Kasuwar Ingilishi. Ki wuce mahauta da sauri, kada ki saki ido, akwai wani abu mai kama da hanji da suke curawa da jini, ba namu ba ne. Ki nufi wajen masu kifi. A can kakarki ta rayar da mu, don a zamaninmu babu naman yanka a garin. Ba ta jin Turanci ko kalma goma, amma sai ta ɗaga kifi ta buɗe kunnensa, ta girgiza kai, ta ajiye. Matar da ke sayarwa ta yi ta dariya, ta ciro mata na ƙasan tebur. Ki nemi ƙwan da suke shafe wa man shanu tun yana da ɗumi don ya daɗe. Kakarki da ta fara gani cewa ta yi, mutanen nan sun rasa abin yi da mai. Daga baya ba ta dafa wani ƙwai sai shi. Ki sayi burodinsu mai duhu, ki ci da zafinsa.

Sauran sai wasiƙa ta gaba, hannu ya gaji.

Abu ɗaya ke damuna. Hajiyarku, wato kakarki, ta saba aiko mini da muryarta ta wayar uwarki daga Kano, ko da faɗa ne a kan ban sha magani ba. Tun farkon azumi shiru. Uwarki ta ce tari ne ya shaƙe ta, an ce ta huta da magana. Dakta ma haka ya ce. Ke da kike waya da gida kullum, ki gaya mini yadda take.

Haza wassalam. Ni ne angonki da kika guda,
Haliru

*

Cork
6 ga Mayu, 2020

Alhajina,

Barkanmu da shan ruwa. Na ji daɗin ganin rubutunka, ko da yake sai da na juya wayar sama da ƙasa kafin in gane wasu layukan. Wa ya guji wani? Kai ne ka tafi Maleshiya aka yi maka sabuwar zuciya, ba ka ko tambaye ni ko ina son tsohuwar ba.

Ina lafiya. Azumin nan dogo ne, rana ba ta faɗuwa sai mutum ya fid da rai. 'Yan ɗakinmu duk sun koma garuruwansu, ni kaɗai ce a gidan. Karatu ta kwamfuta muke yi. Ba a barin mutum ya yi nisa da unguwarsa, amma an ce kasuwar taka tana buɗe tunda abinci ake sayarwa. Zan je in ga ko matarka mai kifi tana nan da sanda.

Maganar Hajiya, ka kwantar da hankalinka. Umma tana wurin. Kai dai ka sha magani, ka ci abinci, kada ka sa tunani a ranka.

Ka ci gaba da ba ni labarin garin nan, ina so.

Taka,
Fatiha

*

Cork
6 ga Mayu, 2020

Kawu Dakta Zahraddeen,

Ina gaisuwa. Ya ƙarin haƙurinmu? Allah ya jiƙan Hajiya, ya sa ta huta.

Alhaji ya rubuto mini yana tambayarta. Na kauce, amma na san zai sake. Umma ta gaya mini abin da kuka yanke da likita, cewa kada a faɗa masa rasuwar sai zuciyar ta yi ƙwari. Ba na jayayya da manya. Amma Kawu, duk layin da ya rubuta a kan garin nan ita ce a ciki. Ina karantawa ina kuka, sannan in ɗauki biro in yi masa wasa. Har yaushe?

Fatiha

*

Pantai Dalam
7 ga Mayu, 2020

Fatiha,

Haƙuri ya zama dole. Na gode.

Ni ma ina cin abinci da shi a faranti ɗaya kullum. Likita ya ce firgita na iya kai shi, kuma asibitoci yanzu ba wurin komawa ba ne. Na rasa uwa ban ga gawarta ba, ba zan kai uba kabari da hannuna ba. Wasiƙunki ne kaɗai ke sa shi dariya. In ya matsa, ki ce kin ji ta, tana samun sauƙi. Alhakin a wuyana.

Kawunki

*

Pantai Dalam
15 ga Mayu, 2020

Amarya Fatiha,

Gaisuwa da fatan alheri. Mun shiga goman ƙarshe, Allah ya sa muna cikin 'yantattu. Jiki da sauƙi. Jiya na taka daga ɗaki zuwa ƙofar lif na dawo ba wanda ya riƙe ni. Dakta ya yi mini tapau, wato ƙunshin abinci, daga shagon Indiyawa Musulmi na ƙasa da suke kira mamak, gurasa mai laushi da romon wake. Na ci rabi. Shayinsu da suke ja daga kofi zuwa kofi har ya yi kumfa shi ne abin kirkin da na samu a ƙasar nan, shi ma an ce sukarinsa ya yi mini yawa.

Tsohuwar zuciyar tana nan, faci kawai aka yi mata. Kada ki sa rai da gado.

Yanzu abin gani. Ki haye kogi ki hau tudun arewa, unguwar Shandon. Akwai hasumiyar coci mai agogo a fuska huɗu, kowace fuska da lokacin da take faɗa, a ƙololuwa kuma kifi ne na zinariya yana juyawa da iska. Suna barin baƙo ya hau ya ja igiyar ƙararrawa. Ni na hau. Kakarki ta ce ƙafarta ba za ta taka ba, ta zauna a dakalin waje da tsohon ciki, cikin kwat ɗina da ya kai mata har idon sawu. Da na sauko ina haki na ce ta ji kiɗana? Ta ce ta ji, kuma duk unguwar sun san baƙo ne ya taɓa.

Daga nan ki tafi yamma, wajen lambun da ke bakin kogi. Akwai siririyar gada ta ƙarfe da katako wadda ke rawa in ana tafiya a kanta. Ni mai digiri na riƙe ƙarfe da hannu biyu. Kakarki kuwa ta tsaya a tsakiya tana tsalle da gangan.

Akwai kuma tafki a kudancin gari mai fararen agwagi masu dogon wuya. Kada ki matsa kusa, mafaɗata ne. Kusa da nan muka zauna, a gidan wata gwauruwa, Misis Horgan. A bayan gidanta nake yanka kazar da muke samowa daga ƙauye, ita kuma ta rufe labule ta yi addu'arta. Geron da muka je da shi bai yi wata biyu ba. Sai kakarki ta gano suna sayar da tsala, ruwan da ke saura in an kaɗe man shanu, ta ɗanɗana ta ce ai wannan nono ne. Ta daka hatsin da suke kunu da shi, ta sa citta da kanumfari, ta dama mana fura. Ba fura ba ce ta gaskiya, amma ranar na yi hawaye a kan kwano. Misis Horgan ta sha ta ce a ƙara mata. Ki gwada, ya fi taliyar leda da na san ita kike ci.

Sunan matar nan mai kifi ya kwance mini. Kwana biyu ina nema. Ki tambayi Hajiyarku, ita ba ta mantuwa. Kin ce Umma tana wurin, amma ba ki ce kin ji ta ba. Ko kalma ɗaya ce ki sa ta faɗa miki, ki rubuto mini yadda ta faɗe ta. Na saya mata mayafi ruwan toka a kasuwar Masjid India kafin a kwantar da ni, ki ce mata yana cikin akwati.

Wassalam.
Haliru

*

Cork
27 ga Mayu, 2020

Alhajina,

Barka da Sallah, Allah ya maimaita mana. Ka yafe jinkiri, jarrabawa ce ta riƙe ni. Na yi Sallata ni kaɗai a ɗaki, na sa atamfa, na ɗauki hoto, na cire.

Na je kasuwarka. Ana shiga kaɗan-kaɗan, kowa da tazara. Na ɗaga kunnen kifi kamar yadda ka ce, mai kifin ya tambaye ni ko na taɓa aiki a jirgin ruwa. Na samu ƙwan mai man shanu. Na hau tudun Shandon, gwiwata ta gaya mini. Cocin a rufe yake, amma agogon yana nan, kuma har yau fuskokin ba su shirya da juna ba. Na zauna a dakalin na daɗe. Gadarka mai rawa an rufe ta ana gyara. Furar na gwada, ta fito kamar siminti. Ka zo ka sha, ai kai ne angon.

Na samu Hajiya ranar Sallah. Muryar ta fara dawowa kaɗan. Sunan mai kifin ya ɓace mata ita ma. Ta ce a gaishe ka, ta gode da mayafi. Ta ce, "Ki ce wa Zahraddeen ɗina ina kewarsa, ya kula mini da Alhaji."

Ka ga sai ka saki ranka.

Taka,
Fatiha

*

Cork
4 ga Yuni, 2020

Alhaji,

Lafiya? Na ga alamar ka buɗe wasiƙata tun ranar, ba amsa. Kawu ya ce kana cin abinci, kana sallah, amma ka daina zama a falo. In furar siminti ce ta ɓata maka rai, na tuba. Ka rubuto ko layi ɗaya ne. Ka taɓa ce mini tun a gida akwai wani gari a bakin teku da ake zuwa a jirgin ƙasa, ba ka ba ni labarinsa ba.

Fatiha

*

Pantai Dalam
7 ga Yuni, 2020

Fatiha,

Ina gaishe ki. Jiki yana nan yadda yake.

Zan ba ki labarin wani wuri a Cork da ban sa shi cikin wuraren gani ba. Asibitin haihuwa ne, ban sani ba ko yana nan. A can aka haifi kawunki, shi ne ɗanmu na fari. Da gari ya waye nas ta kawo shi, ta tambayi kakarki sunan da za a rubuta. Kakarki ta juya fuska bango. Aka miƙa mata shi a gaban mutane, ta ƙi kallonsa. Sai ga su sun kira babban likita, sun zaunar da ni, wai matata ta ƙi ɗanta, ko a ba ta magani. Na yi ta bayani da Turancina cewa kunyar ɗan fari ce, haka uwarta ta yi, haka kakarta. Ba su gane ba. Wata tsohuwar nas ce ta ja labule ta kore mu duka. Ta leƙa daga baya, ta zo ta ja hannuna in gani. Ga kakarki ta rungume shi tana shinshina kansa.

Daga ranar zuwa yau shekara arba'in da biyar, ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba. "Yaron nan" take cewa. Da ya girma ya zama "wancan". Da ya zo nan ya zama "mutanen Maleshiya". In za ta aiko masa da yaji da daddawa, sai ta ce a kai wa Bintu. Ko za a yanka ta ba za ta ce tana kewarsa ba, ita da ta fi kowa kewarsa.

Kin yi ƙoƙari, jikata. Ku 'yan yanzu kuna kiran 'ya'yanku da suna har da ƙari, ba laifinki ba ne. Mantuwar sunan mai kifi na yarda da ita, tsufa ne. Amma wannan maganar ba ta fito daga bakin matata Hureira ba.

Na ajiye wasiƙarki na ce wataƙila ba ki same ta ba ne, kika ƙirƙira don ki faranta mini. Na riƙe wannan na kwana da shi, na tashi da shi. Shekaranjiya Juma'a ƙamshin waina ya tashe ni. Bintu ta soya ta fi ta Sallah yawa, tana zubawa a robobi, Dakta yana sauka da su wajen masu gadi da ɗalibanmu na benen gaba. Na ce ta mece ce? Ta ce, "Sadakar Juma'a ce, Baba," ba ta ɗago ba. Juma'a nawa na yi a gidan nan ban ga waina ba. Na koma ɗaki na lissafa kwana arba'in baya. Ya faɗa a farkon azumi, daidai inda muryarta ta tsaya.

Har an kawo mini wainar a faranti. Na ci, don sadakarta ce.

Ban yi fushi da kowa ba. Na san al'adar, da ita aka raine mu, ba a faɗa wa majinyaci mutuwa. Ban faɗi ba, ban suma ba, zuciyar da suke tsoro ta ɗauka. Abin da ya fi ƙarfina daban ne. An yi zaman makoki ba ni. An yi uku, an yi bakwai, an yi arba'in. Mutanen da ba su taɓa shan ruwan hannunta ba an yi musu gaisuwa. Ni da na zauna da ita tun tana 'yar shekara goma sha takwas, ana tambayata ko na sha magani. Duk azumin nan ina roƙa mata lafiya, alhali gafara take bukata.

Ban gaya wa Dakta na sani ba. Ina ganinsa yana cewa zai duba mota, motar da ba inda take zuwa, ya dawo idonsa ja. Ban san ta inda zan fara ba.

Ke nake roƙo. Ki gaya mini ranar, da wanda ke kusa da ita, da wanda ya yi mata wanka, da inda aka kwantar da ita. Kada ki rage komai. Sannan ki yi mini gaisuwa yadda ake yi wa mutumin da matarsa ta rasu. Ba wanda ya yi mini.

Kakanki,
Haliru

*

Cork
7 ga Yuni, 2020

Kaka,

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Yaya haƙuri? Yaya haƙurin rashin Hajiya? Allah ya jiƙanta, ya gafarta mata, ya haskaka kabarinta, ya sa Aljanna ce makomarta. Allah ya ba ka haƙuri da dangana, ya sa ku haɗu a inda ba a rabuwa.

Ranar Lahadi ce, uku ga azumi, bayan la'asar. Zazzaɓi da tari ta yi na kwana kaɗan, numfashi ya riƙa yi mata wuya. An zaga da ita asibiti ba a samu gado ba, ta ce a mai da ita ɗakinta. Umma ce ke riƙe da ita. Ta yi kalmar shahada da bakinta. Umma da Goggo Daso ƙanwarta suka yi mata wanka. Saboda dokar hana fita mutane kaɗan ne suka sallace ta a ƙofar gida, limamin unguwa ya ja. An kai ta kusa da mahaifiyarta kafin magariba.

Umma ta ce da safen ranar ta tambaya ko an cire maka zaren ɗinki. Aka ce an cire. Ta ce to a bar ka ka warke, kada a tayar maka da hankali a kanta. Sannan ta ce akwai daddawa a cikin samira, in an buɗe hanya a aika wa mutanen Maleshiya.

Ka yafe mini ƙaryar da na sa a bakinta. Ban gaya wa Kawu komai ba, na bar maka.

Jikarka,
Fatiha

*

Pantai Dalam
9 ga Yuni, 2020

Fatiha,

Haƙuri mun gode Allah. Amin, amin. Na gode, Allah ya yi miki albarka. Ke ma yaya haƙurin rashin kaka? Babu abin yafewa tsakaninmu.

Na karanta, na yi alwala, na yi mata addu'ar da ta dace da ita.

Jiya bayan azahar na ji Dakta ya ɗauki makulli, ya ce wa Bintu zai duba mota. Na fito da sandata na tsaya a bakin ƙofa. Ya ce, "Baba, wani abu kake so a kedai?", wato shago. Na ce a'a, zauna. Ya zauna a kan kujerar da yara ke sa takalmi. Muryar tawa ba ta fita sosai, sai da na sunkuya kusa da kunnensa.

Na ce, "Yaya haƙurin rashin uwa?"

Ya dube ni. Makullin ya faɗi. Ya kifa kansa a ƙirjina, a kan ɗinkin, yana ta cewa in yafe masa. Bintu ta fito daga kicin ta durƙusa a gefe, ta yi mini gaisuwa, na amsa. Yara suka tsaya cirko-cirko. Babbar ta tambayi uwarta da Turanci ko yanzu an yarda su yi kuka a falo.

Na ce an yarda.

Mun shimfiɗa tabarma. Yau ɗalibai biyu sun hau sun tsaya daga bakin ƙofa da takunkumi a fuska, sun yi mini gaisuwa. Ina zaune, ina karɓa.

Kakanki,
Haliru